Gida mai araha da bashi a wuyansa, ko sabon gini mai tsada?

Akwai wata shawara da na taɓa bayarwa, wadda har yau in na tuna ta sai in ji nauyi a ƙirjina. A watan Maris na 2022 ne yayana da ke zaune a birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka ya kira ni, mu nan Kumasi dare ya yi, su can ko magariba ba su yi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tuƙin babbar mota yana zaman haya, ga mata ga 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu da falo. Allah ya sa ya tara abin da zai ajiye a matsayin kuɗin farko na sayen gida, kuma gidaje biyu ne suka tsaya masa a rai. Ɗaya sabo ne fil, an gama shi, ko ƙusa ba a taɓa bugawa a bangonsa ba, sai dai yana can bayan gari. Ɗayan tsohon gida ne a cikin unguwa, kusa da masallacin da 'yan zangonmu ke haɗuwa, ya fi sabon girma, kuma kuɗin da aka sa masa ya gaza na maƙwabtansa da kusan dala 30,000.

Ya ce da ni, "Malam, kai ne mai lissafin gidanmu. Me ka gani?"

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai ba sai an ɗauko alli ba. Ana tsintar dala 30,000 a bakin hanya ne?"

Ya ce akwai 'yar magana dai, dillaliyar ta ce masa gidan "shot sel" ne. Wallahi ban san abin da kalmar ke nufi ba, kuma girman kai irin namu na malaman makaranta bai bar ni na tambaya ba. Na ce masa ya yi bismilla kawai. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa in yaro ya yi saurin ba da amsa, ka ce ya nuna maka yadda ya bi ya same ta. Ni ranar nan ba wanda ya ce in nuna nawa aikin.

Bari in fara da bayanin abin da ban tambaya ba. Abin da Amurkawa ke kira shot sel shi ne cinikin gidan da bashin da ke kansa ya fi darajarsa. Mu ɗauka mutum ya ci bashin banki ya sayi gida, ya jinginar da gidan ga bankin. Bayan wasu shekaru aiki ya ƙare masa, ko ciwo ya kwantar da shi, ya kasa biya. Banki na bin sa dala 250,000, alhali in aka kai gidan kasuwa ba zai wuce 220,000 ba. Maimakon ya zauna jiran banki ya ƙwace ya yi gwanjo, sai mai gidan ya nemo mai saye da kansa, sannan ya roƙi bankin ya karɓi abin da aka samu ko da bai cika ba. Irin wannan ciniki ya yi yawa ƙwarai a Amurka bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, lokacin da miliyoyin mutane suka wayi gari gidajensu ba su kai bashin da ke kansu ba. Yanzu ya ragu sosai saboda gidaje sun yi tsada, amma bai ƙare ba.

Inda muka yi kuskure ni da Yaya shi ne mun ɗauka mai gidan ne ke sayarwa. Sunansa ne dai a takarda, shi ne ya sa hannu ya ce ya sallama. Amma sallamawarsa ba ta wuce bakinsa, sai wanda ke bin bashi ya rubuta cewa ya yarda. To shi kuma banki me zai sa shi sauri? Ana roƙonsa ne ya amince da asara. Zai aiko nasa mai kimanta gida, zai nemi mai gidan ya kawo shaidar cewa da gaske ya talauce, zai auna ko gwanjo ya fi masa riba. Farashin nan mai daɗi da ka gani a talla, wanda ya sa ka fara rabon ɗakuna a zuciyarka, sau da yawa bankin ma bai taɓa ganinsa ba. Dillali ne da mai gida suka rubuta don su jawo mai tayi.

Haka Yaya ya shiga layi. Wata guda, shiru. Wata biyu, aka ce fayil ɗin ya koma hannun wani ma'aikaci. Wata uku, aka ce takardun da mai gidan ya bayar sun tsufa, a sake kawo sababbi. A wata na biyar ne aka gano ashe akwai bashi na biyu a kan gidan daga wani wuri dabam, kuma su ma sai sun yarda, su kuwa sun ce abin da aka ware musu ya yi kaɗan. Duk wannan lokaci matar Yaya ta riga ta ɗaure rabin kayanta a kwali, yara suna tambaya kullum yaushe za a tashi, mai gidan hayarsu kuma ya mayar da su biyan wata-wata a farashi mafi tsada tunda sun ƙi sabunta yarjejeniyar shekara. A watan Oktoba amsa ta zo: banki ya yarda, amma a ƙara kuɗi, ƙarin da ya cinye fiye da rabin rangwamen da muke wa murna. Yaya ya biya mai duba gini ya zagaya gidan, ya dawo da rahoton rufi mai yoyo, na'urar ɗumama gida da ta kusa mutuwa, da danshi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya kasa biyan bashin gidansa shekara guda, da me zai gyara rufi? Kuma irin wannan gida yadda ka gan shi haka za ka ɗauke shi, mai gida ba shi da kuɗin gyara, banki kuma ba kafinta ba ne. A Nuwamba Yaya ya janye.

Yanzu ga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Yaya ba ta bankin ruwa ya bi ba, ya bi ta wani kamfani na Musulunci da ke shiga tarayya da kai a mallakar gida kana sayen kasonsa sannu a hankali. Amma ribar irin waɗannan kamfanoni tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da farashin kasuwa. A watan Maris na 2022 kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 a Amurka yana wajen kashi 4 cikin ɗari. Kafin ƙarshen Oktoba ya kai kashi 7. Ka ɗauki dala 200,000 ka raba a shekara 30: a kashi 4 za ka riƙa biyan kamar dala 955 a wata, a kashi 7 kuwa dala 1,331. Bambancin dala 376 ne kowane wata, wato sama da dala 4,500 a shekara. Ko da ya samu rangwamen dala 30,000 ɗin nan cif, kafin shekara bakwai ƙarin ya lashe shi. Bai ma samu ba. Ya koma wajen masu sabon gini a watan Disamba, wancan gidan an daɗe da sayarwa, ya ɗauki wani da bai kai shi girma ba, a kan sabon farashi.

Na san mai karatu zai ce wannan ai ƙaddarar shekarar 2022 ce, da farashin sauka ya yi da Yaya ya ci ribar jira. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma abin da nake nunawa shi ne, duk tsawon wata takwas ɗin nan ba abu ɗaya da ke hannun Yaya. Bai san farashin ƙarshe ba, bai san ranar ƙarshe ba, bai ma san ko za a sayar masa ba. Mai kuɗin da ke sayen gidaje yana gyarawa yana sayarwa zai iya jefa ƙugiya biyar a ruwa ya tafi harkokinsa, wadda ta kama ya ja. Mai iyali da ke da jifa ɗaya tak a hannunsa, zaman jiran nan kansa kuɗi ne yake fita daga aljihunsa.

Kada kuma a ɗauka sabon gidan ya zame masa aljanna. Shekarar farko harajin gida ya zo da sauƙi saboda an ƙiyasta shi ne a kan fili, da aka sake ƙiyasi da ginin a kai sai ya yi tsalle. Akwai kuɗin ƙungiyar masu gidajen unguwa da ake biya dole, har da dokar irin fentin da za ka shafa. Ba labule, ba shinge, ba bishiya ko ɗaya. Abin da ya fi damunsa ma shi ne nisa: fiye da rabin awa a mota kafin ya kai yara makarantar allo ta ƙarshen mako. Sai dai lokacin da bututun bandaki ya fara ɗiga a watan farko, waya ɗaya ya buga aka zo aka gyara, domin yawancin masu gini a can suna ba da garanti a rubuce, galibi shekara ɗaya kan ƙananan ayyuka, biyu kan famfo da wayoyin wuta, goma kan ƙashin ginin. Kuma tun ranar da ya sa hannu ya san abin da zai biya da ranar da zai karɓi mabuɗi.

To me ya sa nake tono wannan tsohon zance yanzu? Saboda abin ya biyo ni har gida.

Mahaifiyarmu, Mma, shekara da shekaru tana haya a Aboabo. Kowa ya san yadda haya take a ƙasar nan. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma wane ne a cikinmu bai taɓa biyan na shekara biyu a dunƙule ba? Ƙidayar 2021 ta nuna Gana na da gibin gidaje kusan miliyan 1.8, to mai gida shi ne sarki. Sai mu 'ya'yanta muka yanke shawarar haɗa kuɗi mu saya mata nata. Kaso mafi tsoka daga Yaya ne, sai ƙanwarmu da ke sayar da atamfa a Kejetiya, sai ni da abin da adashin malamai ya ba ni, wanda in na faɗi adadinsa za ku yi dariya. Ni aka ɗora wa nema tunda ni ke nan.

Ikon Allah, gidaje biyu suka sake tsayawa a gabana. Ɗaya sabon gini ne mai ɗaki biyu da falo a wajen gari, ta hanyar Antoa. Ɗayan tsohon gida ne mai tsakar gida da ɗakuna shida, ba nisa da inda Mma take, inda ƙawayenta suke, inda za ta taka da ƙafa zuwa masallaci da wajen suna da biki. Kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da yadda irinsa ke tafiya. Da na tambayi dalili, dillalin ya rage murya ya ce mai gidan ɗan kasuwa ne, ya jinginar da takardun gidan ya ci bashi, kaya suka faɗi, yanzu banki ya matsa.

"Tica, ka kawo ko rabi ne kafin Juma'a mu riƙe maka. Akwai wani Alhaji da ke zagayawa fa."

Jikina ya yi sanyi, domin na taɓa jin wannan kiɗan.

Mu a nan ba mu da wani suna na musamman ga irin wannan ciniki, amma yana nan, kuma ya ƙaru tun bayan 2022. A shekarar nan dala ta tashi daga wajen sidi 6 a watan Janairu zuwa sama da sidi 14 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba, ruwan bashin banki ya haura kashi 30. 'Yan kasuwarmu da yawa da suka ajiye takardun gida don su shigo da kaya ba su farfaɗo ba. In ka ji gida mai kyau a tsakiyar unguwa yana neman mai saye cikin gaggawa, sau da yawa labarin ke nan.

Kuma a ganina haɗarin ya fi na Amurka. A can, duk da jan ƙafar banki, kuɗin mai saye yana zama ne a hannun wani kamfani na tsakiya har sai an wanke takardu, shi ya sa da Yaya ya janye kuɗin ajiyarsa ya dawo masa. Lokaci ya rasa da kuɗin mai duba gini. A nan fa? Kuɗi ake ƙirgawa a falo, a gaban shaidu biyu da dillali, a yi fatiha a watse. In mai gidan ya karɓi rabin nan da dillali ke nema ya toshe wata ɓarakar da ita maimakon ya kai banki, jinginar tana nan daram a kan gidan, domin bashin jingina gida yake bi, duk wanda ya shiga ya same shi. Kuma dokar masu ba da bashi da masu karɓa ta 2020 ta ba banki damar sayar da abin da aka jinginar masa ba tare da ya je kotu ba, muddin ya yi rajistar jinginar ya kuma cika sharuɗɗan sanarwa. Wato kana iya tarewa da tsohuwarka, ka yi fenti, ka yanka rago, wata rana ka tashi ka ga an manna takarda a ƙofa.

Bayan banki akwai sauran masu magana. Dokar filaye ta 2020 ta ce dukiyar ƙasa da aka saya a cikin zaman aure, miji ko mata ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da rubutaccen izinin abokin zamansa. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ba, ko sun sani suna ganin raini ne a ce a kira uwargida ta sa hannu. Sai ka kira ta. In kuma gidan gado ne, kamar yadda rabin gidajen zango suke, to a nan ne ake yin ta: ɗa ɗaya ya ɗauki takarda ya kai banki, sauran magada goma sha biyu suna Legas da Abijan da Jamus ba su da labari. Ranar da suka ji, kai da ka biya kuɗi kai ne baƙo. Ga 'yan haya: a gidan da aka nuna min, ɗakuna huɗu akwai mutane a ciki, kuma biyu daga cikinsu ba su daɗe da biyan na shekara biyu ba. Kuɗin ya tafi, mutanen suna nan, kuma ba ni ne zan fitar da mai jego waje ba. Sannan a duba shekarun da suka rage. Filayen Kumasi galibi na sarauta ne, haya ce ta dogon zango ake bayarwa, yawanci shekara 99 ga ɗan ƙasa in gidan zama ne. Gidan da aka rubuta takardarsa a 1970, wa'adinsa 2069 ne. Ba gobe ba ce, amma jikokin Mma za su gan ta, kuma ya kamata ta shiga cikin farashi.

Wani abokin aikina a makaranta ya kawo wata magana ta dabam. Shi cewa ya yi ko takardu sun yi tsaf bai kamata Musulmi ya sayi irin wannan gida ba, wai ba albarka a gidan da aka fita daga cikinsa da hawaye. Maganar ta taɓa ni, har na kai ta wajen limamin unguwarmu. Abin da ya fahimtar da ni shi ne, wanda ya sayar da kayansa don ya biya bashin da ke kansa cinikinsa ya inganta, abin ƙi shi ne ka ga mutum ya matsu ka murɗe masa wuya ka saya a wulaƙance. Na yarda da wannan. In kowa ya guje wa gidan, ai ba a taimaki mai shi ba, gwanjo za a kai, a sayar a abin da bai kai haka ba, ruwa kuma na ci gaba da hawa kansa kowane wata. Wanda ya zo da tayi na mutunci ya biya banki kai tsaye, wataƙila shi ne ya fitar da bawan Allah daga rami. Saboda haka ni matsalata da irin wannan gida ba ta halal da haram ba ce. Tambayata ita ce wa ke da ƙarfin ɗaukar abin da ke tattare da shi.

Sabon gini a ƙasar nan shi ma ba a rufe ido a saya. Masu manyan rukunin gidaje da yawa da dala suke sa farashi, duk da cewa Babban Bankin Gana ya sha fitar da sanarwar hana sa farashi da kuɗin waje. Wanda ya ƙulla biyan kashi-kashi da dala a farkon 2022 yana karɓar albashi da sidi, kafin shekara ta ƙare bashinsa ya ninka yana zaune. Akwai kuma masu sayar maka da hoto: zane mai kyau a takarda, fili da tulin yashi, a ce ka fara biya za a gama nan da shekara. Ni wannan ban sa shi a sahun sabon gida ba sam, alkawari ne kawai, kuma wanda ya ga yadda gidajen Saglemi suka yi shekaru a tsaye ba kowa a ciki, bayan gwamnati ta ciyo bashin dala miliyan 200 dominsu, ya san ko hukuma ba ta tsira daga wannan ba. Ga rikicin fili a sababbin unguwanni, inda ake sayar wa mutum uku fuloti ɗaya, ga 'yan daban fili da ake kira langad, waɗanda dokar 2020 ta haramta amma ba su ɓace ba. Takardar rabon fili da sarkin yanki ke bayarwa ita kaɗai ba ta zama shaidar mallaka, sai an bi ta ofishin filaye na fadar Manhyia da Hukumar Filaye.

Har ma akwai inda tsohon gida ya fi. Ya sha damina arba'in, duk aibinsa ya fito fili, maƙwabta za su gaya maka iya inda ruwa ke kaiwa in sama ta buɗe. Sabon fenti kuwa yana rufe bulon da aka cika wa yashi, kuma garantin mai gini a nan yawanci a baki yake, in ka kira shi bayan wata shida lambar ba ta shiga. Shi ya sa na ƙi zuwa ganin na hanyar Antoa da rani kaɗai. Na jira aka yi ruwa mai ƙarfi na hau trotro na koma da wani birkila da na yarda da shi, muka duba gindin bango da silin, muka tambayi mai shagon kusa yadda hanya ke zama.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa wa mutum irina, mai albashi ko ƙaramin ɗan kasuwa da ya haɗa gumin dangi wuri ɗaya, wanda in kuɗin nan ya nutse ba zai sake tara irinsa ba, zan ce ya ɗauki ginin da aka gama, wanda ya taka da ƙafarsa ya gani, mai shi ɗaya ne, bincike kuma ya nuna ba jingina ba shari'a a kansa, ko da ya fi ƙanƙanta ya fi nisa. Dalilina shi ne matsalolin sabon gini yawancinsu ana iya gano su kafin a biya, da lauya da birkila da haƙurin zuwa ofis. Na gidan bashi kuwa, ko ka gano su, maganinsu yana hannun wasu mutane da ba ka da iko a kansu: ma'aikacin banki da bai san ka ba, mai bin bashi na biyu, magajin da ke ƙasar waje. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to amma a nan ba ka ma san yawan hujin ba sai ka kai ta gida.

Gidan bashi na da mutanensa. Wanda ke da inda yake zaune ba mai korarsa, yana da rarar kuɗin gyara a gefe, yana da lauya, kuma in cinikin ya watse bayan wata takwas zai kaɗe rigarsa ya nemi wani, wannan ya shiga, zai iya samun alheri, mai gidan ma ya samu sauƙi. Ko shi ɗin ma da sharaɗi: a yi bincike a Hukumar Filaye da rajistar kayan jingina da ke ƙarƙashin Babban Banki, banki ya rubuto adadin da yake bi da abin da zai karɓa ya saki takardu, a zauna mutum uku a tebur ɗaya, kuɗin kuma ya shiga asusun bankin kai tsaye, abin da ya yi saura ne na mai gida. Dillalin da ya ce maka wannan duk dogon turanci ne, ka tuna la'adarsa ba ta jiran a saki takardu.

Abin da ya sa ban rufe maganar gidan Aboabo gaba ɗaya ba, Mma ce. Da na kai ta ganin sabon ginin, ta zagaya, ta yaba tayil, ta yaba famfo, sannan a hanyar dawowa ta ce, "To ɗan nan, in na mutu a can wa zai ji?" Wannan ba ya shiga lissafin kashi cikin ɗari, kuma ban da amsarsa. Na kira Yaya na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wannan karon ka tambayi abin da ba ka sani ba."

Don haka na gaya wa dillali ba sisin da zai fita kafin Juma'a, ko wace Juma'a ce. Na ce mai gidan ya zo mu tafi bankin tare, da uwargidansa, a rubuto mana adadin bashin. Ya ce zai yi shawara. Na biya kuɗin bincike a kan gidajen biyu, lauya ya ce a ba shi 'yan makonni. Alhajin da aka ce yana zagayawa, yau sati uku ke nan, bai saya ba. Hayar Mma za ta ƙare nan da wata biyar, kuma mun yi magana da 'yan'uwana cewa in wata biyu suka cika ba takarda daga banki, za mu biya na hanyar Antoa, ni kuma in nemi canjin makaranta zuwa can kusa don kada ta zauna ita kaɗai.